Yadda Na Koya wa Waƙar Korar Tsuntsaye Ladabi

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da na kai yara goma sha biyu Gusau gasar waƙoƙin gargajiya ba, a ƙarshen Oktoban 1997. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha jin ana ce mini Malam A-hankali, wasunku ma sun ɗauka don ina jan ƙafa ne tun da gwiwa ta fara ciwo. To ba haka ba ne. Da ƙarfina na samo sunan nan. Tunda yau kun tsare ni, gara in faɗa muku da bakina kafin Malam Tukur ya faɗa muku da ƙarin gishiri.

A lokacin jiharmu shekara ɗaya kacal ke nan da rabuwa da Sakkwato. Ni ina jami'in al'adu na makarantun firamare a Tsafe, mataki na shida. Aikin jami'in al'adu, ga wanda bai sani ba, shi ne ya zagaya makarantu ya ga ana koya wa yara wasanni da waƙoƙi da tatsuniyoyin gida, ya rubuta rahoto ƙarshen wata ya aika Gusau, can kuma wani ya sa shi a fayil ya ɗora kofin shayi a kai. Mu uku ne a shiyyarmu: ni a Tsafe, Malam Tukur a Bungudu, Malama Rabi a Gusau. Shugabanmu shi ne Alhaji Bawa, mataki na goma sha biyu. Mutumin kirki ne, amma in abu ya shiga kansa, to ku haƙura kawai ku bi.

Farkon watan Agusta ya kira mu ofishinsa. Ya ce, "Yanzu muna da jiha. Muna da sakatariya, muna da lambar mota tamu. Amma in baƙo ya zo ya ce a rera mai waƙar Zamfara, mi za mu rera?"

Malama Rabi ta fara ambato wata waƙar gaɗa, ya ɗaga mata hannu ya ce wannan har Argungu ana yin ta.

Sai ya karanto mana ƙa'idojin gasa. Kowace ƙaramar hukuma za ta kawo yara goma sha biyu, 'yan aji huɗu zuwa shida. Waƙar ta zama ta wurin ce tsantsa, wadda ba a taɓa jin ta a Sakkwato ko Katsina ko Zariya ba. A rubuta ta a takarda, wani dattijo ko tsohuwa su dangwala yatsa cewa haka suka gaje ta. Wadda ta ci za a ɗauke ta a kaset a raba wa makarantu. Jami'in da yaransa suka ci kuma, shi zai karɓi babur ɗin da aka ba sashenmu.

Babur ɗin yana nan a baranda, ja, sabo fil, ko ledar sirdi ba a cire ba. Ni kuwa shekara tara ke nan ina zagaya ƙauyukan Tsafe a kan wani keke da sarƙarsa ke zamewa duk lokacin da na hango gangare. Da na fito na tsaya na shafa tankin, wallahi sai da na ji yawuna ya tsinke. Malam Tukur ya ce, "Shafa da kyau, Malam Isa, don iyakar rabonka ke nan." Na ce za mu gani. Ina komawa gida na gaya wa maiɗakina, ita kuma ta gaya wa maƙwabta. Kafin mako ya zagayo na sa magini ya yi mini ɗan gangare na siminti a bakin zaure, don kada tudun ƙofa ya wahalar da babur. Ku lura, ko waƙar ban samo ba tukuna.

Samun waƙar ne ya zama aiki. Mako uku ina yawo. Duk wadda na rubuto na kai Gusau, Alhaji Bawa zai ɗora tabarau ya karanta layi biyu ya turo mini takardata. "Wagga na ji ta Funtuwa." Na kawo wata. "Wagga matata ta iya ta, ita ko daga Gwadabawa anka kawo ta." Na ce, "Ranka ya daɗe, Tsafe fa bakin hanya take. Motoci na wucewa, amare na shigowa daga ko'ina da waƙoƙinsu a baki." Ya ce ai shi ya sa aka ɗauke ni aiki, in tace. Na fito ina ƙunƙuni, na wuce babur ɗin ban ko dube shi ba don kada zuciyata ta karye.

Ranar wata Talata a farkon Satumba, gero ya yi ido, ina kan wata siririyar hanya tsakanin gonaki a bayan 'Yandoto. Ina tuƙi ina tunanin duniya. Kawai sai na ji wata irin ƙara ta tashi daidai kunnena na dama, ihu haɗe da kwaramniyar gwangwanaye. Ban san lokacin da na saki kan keke ba. Ni da shi muka kwanta cikin gyaɗar mutane, takarduna suka watse.

Da na ɗago, sai na ga wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tsaye kan rumfar tsaro, irin wadda ake kafawa tsakiyar gona, riƙe da igiyar da aka jera wa gwangwanaye. Tana ta dariya har da riƙe ciki. Tsuntsayen jan-baki kuwa sun tashi sun yi gabas. Na ce, "Ke, mene ne wannan?" Ta ce, "Waƙa ce, Malam." Na ce ta sake yi, amma ta bari in matsa tukuna.

Ga abin da na rubuta a ranar, ina zaune kan kunya:

Haa! Jan-baki tashi!
Ba ki yi huɗa ba, ba ki yi maimai ba,
Ƙafa tsinke, ciki rumbu,
Ɓarauniya ɗiyar ɓarauniya,
Kakarki ma nan munka kore ta,
Haa! Tashi!

Akwai sauran baituka, wasu ba zan iya maimaita su gaban mata ba. Yaran gonakin kusa su ne 'yan amshi. Duk inda ta ce "Haa" sai su karɓa daga nesa, kowa na jan igiyarsa.

Sunan yarinyar Luba, 'yar aji biyar. Ta kai ni gida wurin kakarta, Inna Tumba, wadda ta koya mata. Na tarar da tsohuwar tana tsinke zogale. Na gaishe ta, na ce, "Inna, waƙar nan ta ina ce?"

Ta ce, "Ta gonar ga ce."

Na ce, "Ana yin ta a Katsina?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Su Katsinawa ba su da baki? Su kori nasu tsuntsaye."

Ta ce ita ma wurin kakarta ta ji, kuma kowane gida da irin zagin da suke ƙarawa. Na buɗe tawada, ta dangwala babban yatsa a takarda, ta goge a gefen zani. Washegari Alhaji Bawa ya karanta har ƙarshe, ya juya takardar, ya sake karantawa. Ya ce bai taɓa jin ta ko'ina ba. Ya buga hatimi. Sai dai a takarda ya gan ta, bai ji ta da kunne ba, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in ba shi labarin gyaɗa ba.

A ranar ya ba ni takardar da alƙalai za su bi wajen ba da maki. Abu huɗu ne: daɗin murya, ladabi a kan dandamali, sutura, sai asali. Na zauna cikin motar komawa Tsafe ina kallon "daɗin murya". Jama'a, waƙar da aka yi ta don abin da ya ji ta ya gudu, ina ta ga daɗi? Ladabi kuma, waƙar da ke zagin kakar tsuntsuwa? Asali kaɗai muke da shi. Na lissafa, abu ɗaya cikin huɗu ba ya kawo babur. A nan ne Shaiɗan ya zauna kusa da ni ya ce, ai kai jami'in al'adu ne, gyara ta.

Na kuwa gyara. Na zaɓi yara goma sha biyu daga makarantar ƙauyen, duk masu tsaron gona, Luba ce mai bayarwa. Abu na farko, na hana gwangwanaye. Na biyu, na cire zagi. "Ɓarauniya ɗiyar ɓarauniya" ta koma "tsuntsuwa ɗiyar mutunci". "Haa! Tashi!" ta koma "don Allah ki tashi". Na ƙara wani baiti nawa na kaina inda ake roƙon tsuntsuwa ta yi haƙuri domin jiharmu sabuwa ce, tana bukatar hatsi. Na ji daɗin baitin nan ƙwarai, har na karanta wa maiɗakina sau biyu. Sannan na jera yaran biyu-biyu, hannu a baya, suna ɗan rangaji hagu da dama.

Mako shida muna wannan. Wahalar ita ce Luba. Yarinyar nan Allah ya ba ta maƙogwaro. Ko gaisuwa ta yi sai awaki sun waiwayo. Da ta buɗe baki sai in ce, "A hankali." Ta rage, in ce, "A hankali dai." 'Yan amshi su ɗauka, in ce, "A hankali, a hankali." Ban sani ba ashe tun mako na biyu yaran sun daina ce mini Malam Isa. Wata rana Luba ta ce, "Malam, in munka yi haka tsuntsu ba shi ji." Na ce ba tsuntsu zai ba da maki ba.

Saura mako ɗaya, Inna Tumba ta zo kallon gwaji. Aka ba ta benci a inuwar dalbejiya. Yara suka rera tun daga farko har ƙarshe, lallausa, ni kaina sai da na lumshe ido. Da suka gama na juya ina jiran yabo.

Ta ce, "Malam, wagga ba kora ba ce. Kira ne. In ni ce tsuntsuwa, sauka nike in ji ƙarshenta."

Na yi dariya, na ce, "Inna, ai ta birni ce. Manyan mutane za a yi wa."

Ta ce, "To. Amma ni ba wagga na dangwala wa yatsa ba."

Na ji kunya, amma kunyar ba ta kai girman babur ba. Na sauya magana, don dama ina da wata bukata wurinta. Alhaji Bawa ya aiko cewa kowace ƙaramar hukuma ta kawo amfanin gona a ƙawata dandamali, baƙi su ga mu manoma ne. Ni kuwa na taɓa hango wani damin gero rataye a ɗakin Inna, zangarniyoyi manya, cikakku, kowace ta kai tsawon hannuna. Na ce ta ara mini na yini ɗaya.

Ta ce, "Wanga iri ne. Shi za mu shuka baɗi. Tun zamanin maigidana muke zaɓen shi da hannu, ɗaya-ɗaya."

Na rantse mata ko ƙwaya ɗaya ba za ta faɗi ba. Daga ƙarshe ta ce ta yarda, amma da ita za a je. Ta kira Luba ta ce, "Kin dai ji. Ki sa ido."

Ranar Alhamis muka cika bas tun da safe: yara cikin sababbin kaya na saƙi, Inna a gaba rungume da daminta, ni a bakin ƙofa ina ta maimaita musu kalmar nan tawa. A babban ɗakin taro na wata makaranta aka yi. Ɗakin ya cika maƙil, iyaye da malamai da manyan baƙi cikin manyan riguna. Silin ɗin ɓangaren dandamali ya ɓalle tun tuni, tantabarun unguwa sun mai da wurin gida, suna jere kan katako suna kallon jama'a. Ban kula da su ba. An jera kayan gona a gaban dandamali: Bungudu sun kawo dawa, Gusau auduga da gyaɗa, namu geron aka sa a tsakiya don ya fi kyau. Inna ta ja tabarmarta za ta zauna kusa da shi, wani ɗan doka ya ce layin gaba na manya ne. Aka mai da ita can baya cikin mata. Da za ta wuce ni, wani kallo ta yi mini.

Alƙalai uku ne a tebur, da 'yar ƙararrawar tsai da lokaci. Babbansu wani tsohon sufeton makarantu ne da ya yi ritaya, mutumin Mada, kowa na ce masa Baba Sufeto. Kunnensa ya yi nauyi, kuma tun jawabin buɗe taro ya fara gyangyaɗi. Gefen dandamali ga mai kula da lasifika, kusa da shi ga wanda aka ɗauko ya naɗi komai a kaset.

Gusau suka fara. Yaran Malama Rabi sun yi gaɗa da tafi, ƙafa ɗaya, tsaf. Sai Bungudu. Gaskiya ɗaya ce, yaran Malam Tukur sun iya. Waƙar kiwo suka kawo, da kiɗan ƙwarya, murya a sake. Aka yi ta tafi. Ya waiwayo ya yi mini alamar murɗa hannun babur. Duk wannan lokacin tantabarun na sama, hayaniya ta hana su sakat.

Aka kira Tsafe. Yarana suka hau a jere, hannu a baya. Luba ta tsaya gaban makirufo ta fara, siririyar murya, yadda na koya mata. Ɗaki ya yi tsit. Na ce a raina, babur ya zo gida. Sai na ga Baba Sufeto ya kafa hannu a kunne yana yamutsa fuska. Alhaji Bawa ya yi wa mai lasifika alama ya ƙara. Ya ƙara. Baba Sufeto bai sauke hannu ba. Aka sake yin alama, mutumin ya murɗa abin har ƙarshe.

Suna cikin baiti na biyu tantabara ɗaya ta sauko. Ta dira bakin dandamali, ta karkata kai tana sauraro. Luba na cewa, "tsuntsuwa ɗiyar mutunci." Ta biyu ta sauko, ta uku ta biyo. Babu wadda ta kalli auduga. Kai tsaye suka hau damin Inna. Kafin a kai baitina na jiha sabuwa sun fi ashirin, suna ta caccaka hankali kwance, ana rera musu cewa don Allah su yi haƙuri.

Ina tsaye gefen dandamali ina kallon fuskar Luba. Bakinta na waƙa, idonta na kan gero. Na ga hannunta ya fito daga baya, ta mai da shi. Ya sake fitowa. Na girgiza mata kai, na haɗa hannuwa ina roƙonta. Ta dube ni, ta dubi can bayan ɗaki inda kakarta take, ta dubi wata ƙatuwar tantabara da ta ja zangarniya guda ta yar a ƙasa. Na ga ta ja numfashi har kafaɗunta sun ɗaga. Na san wannan numfashin, shi ya kwantar da ni cikin gyaɗa.

"Haa! Jan-baki tashi!"

Ku tuna lasifika na ƙarshen murɗi. Ni dai na ji kamar an buga mini faranti a ka. Yara goma sha ɗaya suka karɓa gaba ɗaya, don abin a jininsu yake, wata shida ma ba ta isa ta goge shi ba balle mako shida. Babu gwangwanaye, sai kowa ya kama abin da ya samu. Biyu suka hau dukan kujerun ƙarfe. Ɗaya ta sauko ta sure ƙararrawar alƙalai. Ɓarauniya ɗiyar ɓarauniya ta dawo wurinta, kaka ta sha zagi, har baitukan nan da na ce ba a faɗa gaban mata, duk sun fito ta lasifika gaban manyan gari.

Tantabaru suka tashi a haukace. Ba su ga hanyar sama ba, sai suka bi ta kan layin gaba suna neman taga. Babban baƙo ya kare fuska da takardar jawabinsa, hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur. Alhaji Bawa ya sunkuya zai ɗauko masa, ya ga wurin da kwanciyar hankali, ya yi zamansa. Gashin tsuntsu ko'ina. Ni kuma na ruga gaba ina ɗaga hannu ina cewa, "A hankali! A hankali! Don Allah a hankali!" Ban lura ba ashe daidai bakin makirufon mai kaset na tsaya.

Abin da ban zata ba shi ne Baba Sufeto. Tsohon nan ya miƙe tsaye, barci ya washe, yana juya hannu sama kamar mai wurga majajjawa. Da Luba ta ce "Haa", sai na ji shi ya karɓa. Ya ma ƙara wani zagin da ba ya cikin namu, ashe na gonar ubansa ne a Mada. Daga nan abin ya bazu. Wani Alhaji mai babbar riga a layi na biyu ya karɓa, malaman makaranta suka karɓa, mata daga baya suka saki guɗa. Mutanen da suka shigo da takalma masu sheƙi, ashe rabinsu sun yi zaman rumfar tsaro suna yara. Har tantabara ta ƙarshe ta fice ba su daina ba. Na daina cewa a hankali, na tsaya kawai. Tsigar jikina ta tashi, kuma ba zan ɓoye muku ba, idona ya kawo ruwa, don ni ma na yi tsaron gero a gonar kawuna, na manta ne kawai.

Da ƙura ta lafa, alƙalai suka haɗa kai. Baba Sufeto ya yafito ni, takardar da Inna ta dangwala na hannunsa. Ya ce, "Ta biyun ita ce a rubuce nan. Ta farkon fa, wa ya koya musu?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Kai ka yi baitin jiha sabuwa?"

Na ce ni ne.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To kar ka ƙara."

Aka karanta sakamako. A asali mun cinye makin duka. A sutura ba laifi. A daɗin murya an ba mu abin da aka ba mu. A ladabi kuwa, alƙali ɗaya ya rubuta sifili, ɗayar ta ce ba za ta rubuta komai ba sai an dawo mata da ƙararrawa. Cikin uku mun zo na uku. Bungudu suka ci. Malam Tukur ya yage ledar sirdi a gabana, ya zagaya filin makarantar sau biyu yana mini hon, sannan ya tsaya ya tambaye ni ko ya rage mini hanya zuwa tasha.

Inna Tumba ta zo ta durƙusa gaban daminta. Ta bi zangarniyoyin ɗaya-ɗaya, ta tsince ƙwayoyin da suka zube ta ƙulle a bakin zani. Ɓarnar ba ta yi yawa ba. Luba ta matso tana sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, na ɓata maka babur." Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ba ki ɓata komi ba. Kowa ya yi aikinai. Malam ya kira su, ke kin kore su." Muka koma Tsafe, yara na rera ta gaskiyar tun daga Gusau har gida, direba na roƙonsu da girman Allah.

Kaset ɗin Bungudu aka raba wa makarantu kamar yadda aka yi alkawari. Amma mai naɗin ya ajiye namu, ya kwafa wa wani, wani ya kwafa wa wani. Da damina ta zagayo ina wucewa ta wata gona a kan kekena, sai na ji muryar Luba. Na duba rumfa, babu kowa, rediyo mai kaset ne a rataye. Mai gonar ya ce yaransa na makaranta da safe, shi ya sa yake kunna wannan, kuma yana aiki. Ya ce abu ɗaya ne ke damunsa, akwai wani mutum a ciki da ke ta cewa a hankali, da za a cire shi da ya fi. Na ce masa gaskiya ne, na hau kekena.

Inna Tumba ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Rumfunan tsaro ma yanzu sai ka yi tafiya ba ka ga ɗaya ba. Shekarun baya Luba ta zo gidana daga Mada inda take aure, da 'yarta, ta ce tana so yarinyar ta ji waƙar kakanninta, ita ta manta wasu baitukan. Na lalubo kaset ɗin na kunna. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wa uwarta, "Inna, wane ne wannan mai hana ku?" Luba ta rufe baki da mayafi. Na ce, "Ni ne, 'yata."

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin adana al'ada. Rahotannina duk gara ta cinye. Abu ɗaya da ya rage da muryata a ciki shi ne kaset ɗin nan, kuma a cikinsa ina ƙoƙarin hana al'adar fitowa ne. Don haka ku da za ku shiga ƙauyuka da takarda da biro, in kun tarar da abu a hannun mutane, ku fara tambayar aikin da yake musu kafin ku ce za ku gyara shi. Tsohuwar da ba ta san harafi ɗaya ba ta faɗa mini abin da zai faru tun saura mako, na yi mata dariya. Gangaren simintin yana nan a bakin zaurena, duk wanda ya zo zai gani. Keke na hawansa ba wahala.